Kunyar Ta Mai Yaɗawa Ce: Jawabi Ga Matasa Da Iyaye A Haɗejiya

 

Maganar yau mai nauyi ce, amma rufe ta bai taɓa yi mana magani ba. Yarinya ta kai wayarta caji ko gyara a kasuwa, wani ya kwashe hotunanta. Ko a rabu da miji ko saurayi, ya ce sai ya tona mata asiri a WhatsApp. To, me doka ta ce?

Da yawanku kun tuna 2007, lokacin da bidiyon wata 'yar fim ya bazu a wayoyin Kano. Ita aka yi ta zagi, har aka dakatar da shirya fina-finai. Dubban da suka yi ta tura shi kuwa, wa ya tambaye su?

Yanzu akwai abin kama su. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, sashe na 24 ya ce mai tura batsa ta waya ko kwamfuta zai iya shan ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. Wanda ya yi barazanar ɓata suna don a ba shi kuɗi, nasa shekara 5 ne. Babbar Kotun Tarayya ke sauraron irin wannan ƙara, kuma muna da ita a Dutse. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin kowa. Jigawa ma ta sa hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a a 2021.

Idan abin ya faru, kada a biya ko sisi, domin mai karɓa yau zai dawo gobe. Kada a goge saƙonnin don jin kunya, su ne shaida. A ɗauki hoton allon wayar, da lamba da kwanan wata. A nemi lauya, a kai wa 'yan sanda rahoto, a sanar da Facebook ko TikTok su sauke.

Iyaye, don Allah, in 'yarku ta zo tana kuka, kada duka ya zama farkon amsarku. Tsoron gida ne ke sa yara biyan azzalumai a ɓoye.

Kai kuma da hoton ya shigo wayarka, in ka tura gaba, ka shiga laifin. Ya tsaya a kanka.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.