Kunnen jaririya ya yi ruwa: wa zai buɗe baki a gidan?



Na ga wasu samarin fada suna murmushi da suka ji batun yau. Hujin kunne kuma? Ai zancen mata ne. To ku saurara, don da yawanku kun kusa zama iyaye, wasu ma sun riga sun yanka ragon suna.

A garuruwanmu ana huda wa ɗiya mace kunne tun tana ƴar kwanaki, da allura da zare, a hannun ungozoma ko wata tsohuwa ta gida. Ban zo in ce a daina ba. Amma huji rauni ne, kuma a jikin da bai yi ƙwari ba. Allurar Penta, wadda ke ɗauke da rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandare jiki da muƙamuƙi, sai jaririya ta kai sati 6 ake fara ta, a ƙara a sati 10 da 14. Wadda aka huda tana da kwana 7, garkuwarta ita ce rigakafin da uwarta ta yi lokacin awon ciki. Malam, ka taɓa buɗa katin awon matarka ka duba?

Ɗan ja a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne. In kuwa jan yana faɗaɗa, wurin ya kumbura ya yi zafi, mugunya na fita, ɗiyar na tsala kuka da an taɓa, kunnen ya kamu.

Ga abin yi a gida. A wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwa ya huce, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya, ko a sayi ruwan gishirin da ake saidawa a farmasi. A goge gaba da bayan kunnen da auduga mai tsabta, sau biyu ko uku a wuni, a bar shi ya bushe. Shi ke nan fa.

Wahalar tana ga abin da ake ƙarawa. Wannan ta ce a shafa man shanu, waccan ta ce toka, wata ta ce makilin, wani ya tare mai tallan magani ya sayo kafso a fasa a barbaɗa garin. Duk toshe ramin suke yi, mugunyar ta taru ciki. Ko Bétadine da muke gani kamar ruwan sanyi, ba a sa wa jaririn da bai cika wata ɗaya ba. In kuma ɗan kunne ya nutse cikin nama, ko zare ya manne, kada kowa ya ja da ƙarfi. Aikin ma'aikacin lafiya ne.

Abin da nake so ku riƙe da kyau: jaririyar da ba ta kai wata 3 ba, in jikinta ya yi zafi, digiri 38 ko sama, ko ta ƙi kama nono, ko ta yi laushi tana ta barci, ba a jiran gari ya waye. CSI kai tsaye. Haka in kumburin ya bi wuya ko kumatu, ko an yi kwana biyu ana wankewa ba sauƙi.

Mi ke hana mu tafiya? Kunya, wallahi. Amarya mai haihuwar fari tana gani, amma ba ta iya ce wa uwar miji a'a. Kai ɗanta ne, kai za ka iya. Ba da tsawa ba: "Inna, mu kai ta majo ya gani, mu dawo." Ka ɗauko babur, ka ce ta raka ku ma.

Sai maganar kuɗi. Tun 2006 Nijar ta ce kula da lafiyar yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mun san yadda abin yake, sau da yawa a ce magani ya ƙare, a miƙo maka takarda ka nufi farmasi. Wannan faɗa ne da za mu ci gaba da yi da hukuma. Amma dubawar haƙƙin ɗiyarka ce, ku tafi da katin rigakafinta, ku tambayi majo ko a cire zaren ko a bar shi, ku kuma tambayi ranar da za a dawo da ita.