Muhimmancin Haɗa Tsari Da Aiki A Shugabancin Kasuwanci

Wannan jawabi ya shafi duk wanda aka damƙa wa ragamar wata sana'a, ko manajan babban kamfani ne, ko shugaban ƙungiyar gama-kai, ko kuwa mai kanti da yara biyu a bakin kasuwa. Aikin shugaba a harkar kasuwanci kashi biyu ne. Na farko shi ne tsari, watau ya zauna ya auna inda kasuwa ta dosa, ya zaɓi hajar da zai zuba jarinsa a ciki da wadda zai bari. Na biyu shi ne aiwatarwa, watau ya tabbatar an sayo kaya, an auna, an kai, an biya, an kuma rubuta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sun kuma ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Shugaban da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ya jefa jarinsa da abincin ma'aikatansa cikin hatsari. Tarihin ƙasar nan yana ɗauke da misalai uku da za su fito da wannan batu fili.

Gyaɗar Kano

Cikin shekara ta 1902 aka kafa wata ƙungiya a Ingila domin bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, saboda masaƙunsu na Lankashaya suna bukatar ta. Turawa sun sa rai cewa da zarar jirgin ƙasa ya kai Kano, auduga ce za ta cika taragu. Hanyar jirgin ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. A kan takarda tsarin ya yi kyau, amma masu shi ba su lura da halin da manomi ke ciki ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, ga shi kuma gyaɗa tana da kasuwa a Turai wajen masu yin mai da sabulu, in kuwa farashinta ya faɗi manomi na iya cin abarsa. Saboda haka manoma suka karkata ga gyaɗa.

Waɗanda suka ci moriyar wannan sauyi su ne fataken da suka san ƙauyuka, suke da yara amintattu, suke kuma da jarin da suka tara a fataucin goro. Babba daga cikinsu shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa. Tun yana fataucin goro ya nuna hangen nesa, domin yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko, maimakon doguwar tafiyar ayari ta Gwanja. A 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa. Gane cewa gyaɗa za ta yi daraja, wannan tsari ne, kuma ba shi kaɗai ya gane ba. Abin da ya fifita shi shi ne aiki: raba kuɗi ga yaransa kafin kaka, tura su kasuwannin ƙauye, tattaro buhuna a kan jakuna da raƙuma zuwa tasha a kan kari, da bin diddigin lissafin kowa. Lokacin da bankin Bank of British West Africa, wanda yau ake kira First Bank, ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfa da ya kai ajiya kayan raƙuma 20 ne. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Ya kamata a lura da wani abu game da dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Ko da yake abin alfahari ce, wani dalilin tara ta shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe amfanin gona zuwa bakin teku da saurin da ake sayensa. Watau ko a cikin nasara, akwai gaɓar aikin da ba ta yi daidai da sauran ba.

Aiki Ba Tare Da Tsari Ba

Misali na biyu ya faru ne lokacin da kuɗin man fetur suka yawaita. Tsakanin 1974 da 1975 hukumomin gwamnati suka ba da kwangilar shigo da siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawansa ta hannun Ma'aikatar Tsaro. Bukatar gine-gine gaskiya ce, kuɗi kuma akwai su, an kuwa yi hanzarin sa hannu. Abin da ba a auna ba shi ne ƙarfin tashar jiragen ruwa ta Apapa, domin kayan sun ninka abin da take iya saukewa a shekara sau da yawa. Cikin 1975 jirage wajen 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko, wasu wata da watanni. Kowace rana ana bin ƙasa kuɗin jinkiri, siminti ya sha danshi ya daskare a cikin wasu jiragen, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa. Sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta dakatar da jigilar, aka kuma gina tashar Tin Can wadda aka buɗe a 1977. Da an tambayi inda za a sauke kayan kafin a yi odarsu, da an kauce wa wannan hasara.

Tsari Ba Tare Da Cikawa Ba

Misali na uku shi ne kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, a Jihar Kogi ta yanzu. Manufarsa mai kyau ce: ƙasar da ke son masana'antu tana bukatar ƙarfen kanta, ga kuma tama a Itakpe kusa da wurin. An ƙulla kwangila da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. An gina mafi yawan sassan, amma fiye da shekara 40 suka wuce ba a hura babban tanderun narka tama ba. Hanyar jirgin ƙasa ta Itakpe zuwa Warri, wadda aka fara a 1987 domin jigilar kayan masana'antar, sai a 2020 aka buɗe ta. Irin wannan masana'anta sarƙa ce. In ma'adini da gawayi da hanyar jigila da kuɗin gudanarwa ba su haɗu a lokaci guda ba, abin da aka riga aka kashe ba ya haifar da riba.

Abin Da Ya Kamata Shugaba Ya Yi

Daga waɗannan misalai ana iya tsamo ka'idoji huɗu.

Na farko, kafin shugaba ya yanke shawara, ya nemi ra'ayin waɗanda za su yi aikin, irin su direba da akawu da mai sito da dillali. Su ne suka san inda mota ke maƙalewa da damina, da abokin cinikin da ba ya biyan bashi.

Na biyu, ya nemi gaɓar da ta fi rauni a cikin aikinsa, ya auna sauran da ita. Mai injin niƙa da ya sayi hatsin da ya fi ƙarfin rumbunsa ya maimaita kuskuren siminti, sai dai nasa ƙarami ne.

Na uku, kowane aiki ya kasance da mai shi, da ranar gamawa, da adadin kuɗin da aka ware masa, a rubuce. Aikin da aka ce na kowa ne yakan kwana ba a yi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka shugaba ya wakilta, amma duba littafin lissafi ya zama nasa na kansa.

Na huɗu, ya keɓe lokaci, ko da sau ɗaya ne a wata, ya janye daga hidimar yau da kullum ya sake duba tsarinsa. Kasuwa tana juyawa. Gyaɗar da ta yi tashe ta ja baya bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka mata a 1975, kuma 'yan kasuwar da suka riga suka raba jarinsu zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu su ne suka fi jure wa wannan sauyi.

A ƙarshe, ana kira ga shugabannin kamfanoni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i su binciki kansu, kowa ya gane ɓangaren da ya fi rauni a kai. Mai yawan dabara ya nemi mataimaki mai ƙwazon aiki, mai ƙwazon aiki kuma ya nemi mai ba shi shawara, ya kuma saurare shi. Bayan kowane kamfani akwai iyalai masu jiran albashi da masu jarin da suka ba da amana, kuma haƙƙinsu yana wuyan shugaba.