Ciwon Jiki da Ƙwayar Tramol: A Yi Maganin Biyun Tare

Jawabin likitan da ƙungiya ta gayyata a taron zagayowar ranar kafa ta, a Maraɗi



Shugaban ƙungiya da ƴan kwamitinsa, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka ƙetaro daga Jibiya da Katsina da Kano, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya tsare mana hanya. Magana ɗaya na zo da ita, a kan mutumin da ya fara shan ƙwaya saboda ciwo, yau ƙwayar ta riƙe shi, ciwon kuma yana nan.

Kun san shi. Direban kamyo ne da ke kwana da kwanaki a kan kujera tsakanin Lome da Maraɗi. Ɗan dako ne da ke sauke buhu tun asuba. Hajiya ce da gwiwa ta addaba shekara da shekaru. Yaro ne mai sikila da ya saba da allurar fentazosin. Ciwo ne ya kai su, kuma duk maganin da ya manta da ciwon nan ba zai ɗore ba.

Tiramadol, wanda muke kira Tramol, dangin mofin ne da kodin. Maganin asibiti ne na gaskiya, an fara sayar da shi a Jamus a 1977. Likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100, kuma a ƙa'ida ba a wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a tasha da kasuwa mai 200 ne, ko 225, ko 250. Guda biyu kawai sun kai iyaka ko sun wuce ta, shi ya sa za ku ga yaro lafiyayye ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Da Indiya ta tsaurara fitar da shi a 2018, sai aka koma kawo wata ƙwaya mai haɗin tafentadol da karisofurodol, irin su Tafrodol, wadda ta fi shi ƙarfi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a can suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Hanyar da shinkafa da atamfa ke bi, ita ƙwayar ke bi.

Sai mu bambanta abu biyu. Akwai sabon jiki. Duk wanda ya sha wannan magani kullum na makonni, ko da likita ne ya rubuta, jikinsa zai saba. Idan ya bari farat ɗaya, cikin yini guda zai ji zufa, hamma, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da faɗuwar gaba. Abin yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda ko fiye. Akwai kuma jaraba: mutum yana ƙara adadi da kansa, yana sha don gusar da damuwa, yana cin bashi ya saya, ya ga tana cutar da shi da iyalinsa amma ya kasa bari. Mai sabon jiki rage magani a hankali yakan ishe shi. Mai jaraba yana buƙatar kulawa mai tsawo. Dukansu marasa lafiya ne.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ciwon da ya wuce wata 3, wannan ƙwaya ba ta cika yi masa aiki ba. A 2018 an wallafa wani bincike a Amurka a kan tsofaffin sojoji 240 masu ciwon baya da ƙugu da gwiwa. Bayan wata 12, waɗanda aka ba dangin mofin ba su fi waɗanda aka ba sauran magunguna samun sauƙi ba. A wasu mutanen ma, daɗewa ana sha yana sa jiki ya ƙara jin zafi. Ciwon da ke tada direba da asuba, sau da yawa ƙwayar ce ke neman a ƙara ta.

To, yaya ake maganin?

Da farko a gano tushen ciwon. Baya ne, ko jijiya, ko sanyin ƙashi, ko sikila? Kowanne da nasa. Akwai gashin ƙashi da motsa jiki. Akwai farasitamol. Akwai ibufurofen da dikulofenak, amma su ma ba a daɗe a kansu ba tare da likita ba, domin suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Ciwon jijiya yana da nasa magani, kamar amitiriftilin. Mai sikila kuwa a mayar da shi hannun masu kula da sikila, kada a bar shi yana yi wa kansa allura har cinya ta yi gyambo ta sandare.

Sannan a rage ƙwayar daki-daki. Wanda ya shekara yana sha, likitoci sukan cire kamar kashi ɗaya cikin goma a wata. Wanda bai daɗe ba ana iya cire masa haka a mako. Idan jiki ya yi gardama a tsaya a matakin, a huta, a ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda jarabar ta yi wa ƙarfi akwai magunguna biyu, metadon da bufurenofin, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna kwantar da ƙishin ƙwayar, suna rage ciwo, mutum ya koma sana'arsa. Ba ko'ina ake samunsu a yankinmu ba tukuna. Senegal ta buɗe cibiyar ba da metadon a Dakar a 2014, kuma ƙungiya irin taku tana da bakin da za ta nemi hukumomi su kawo irin wannan kusa. Kafin nan, akwai sashen kula da ƙwaƙwalwa a babban asibitin Yamai, akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Abin da nake roƙo a bari shi ne ɗauri da duka. Mun ji yadda ƴan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019. Mari ba ya warkar da baya. Haɗarin ma yana bayan fitowa: wanda ya yi makonni bai sha ba jikinsa ya daina jurewa, idan ya koma kan adadinsa na da, numfashi na iya tsayawa. Haka wanda ya haɗa ta da Valium ko barasa. In kun ga mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, baƙin idonsa ya tsuke, kada a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Akwai allurar naloksan da ke dawo da numfashi.

Ranku ya daɗe, ga rabon ƙungiya a wannan aiki. Na ɗaya, yaron da ya zo ya ce "Alhaji, na kamu", kada a kore shi. A ajiye masa gurbinsa har ya gama magani, domin tsoron kora ne ke sa su ɓoyewa. Na biyu, a ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin mota da na asibiti. Na uku, a duba aikin kansa: direba biyu a doguwar tafiya, amalanke a maimakon kai da gadon baya, hutu bayan sauke kaya. Wanda aka ce ya kai kaya Kano ya juyo a daren, an riga an saya masa ƙwaya.

Na huɗu shi ne mai nauyi, ku yi mini haƙuri. Kwalin ƙwaya ba ya ƙetare Ɗan Isa da ƙafarsa. A motar wani yake hawa, a sito na wani yake kwana. Hukumar OCRTIS a nan da NDLEA a can suna kamawa, kuma ɗauri ne a ƙasashen biyu. Amma tun kafin hukuma, ku tambayi abin da ke cikin kwalin da aka ba ku amana. Ribar kwali ɗaya ba ta kai kuɗin jinyar ɗa ɗaya ba, kuma ɗan yana iya zama na gidanmu.

Duk wanda ke nan yana fama da wannan, ko yana da wani a gida, ya je wurin likita ya faɗi adadin da yake sha ba ragi. Sirrinsa amana ce a wuyanmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.