Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya, ko Taron Tsintsiya Ba Shara?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau karin maganar Turawa za mu taɓa, waɗanda suka shafi haɗin kai da aiki tare, mu aza su kusa da namu mu gani. Masu shirin WAEC da NECO ku ɗauko biro, amma fa maganar ta wuce ta jarrabawa.

Bature ya ce "many hands make light work", wato in hannaye suka yi yawa aiki ya yi sauƙi. Tsohuwar magana ce, tana cikin littafin karin maganar da John Heywood ya fitar a Ingila tun 1546. Mu ma muna da namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Har ma mun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

To amma Baturen nan dai shi ya juyo ya ce "too many cooks spoil the broth", ma'ana masu girki in sun yi yawa, miya lalacewa take yi. Wannan ta zuba gishiri, waccan ba ta sani ba ta zo ta ƙara. Kun ga abin dariya ko? Bahaushe ya ce hannu da yawa ke cinye ƙazamar miya, Bature ya ce ai hannu da yawan ne ya ƙazanta ta tun a tukunya.

To wanne za mu ɗauka? Yawa alheri ne ko matsala?

Amsar tana bayan ƙyauren ɗakin kowa. Tsintsiya. Bahaushe ya ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, shi ne kuma ya ce taron tsintsiya ba shara. Tsinkayen ɗaya ne, yawansu ɗaya ne. Bambancin kawai wannan 'yar igiyar da aka ɗaure su da ita. Kwance ta, ka ga ko za ka share ko da bakin ƙofa.

Wani injiniyan harkar noma ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya gwada wannan, ya buga sakamakon a 1913. Ya sa mutane jan igiya, kowa shi kaɗai, sannan a rukuni. Sai ya ga duk lokacin da aka ƙara mutum, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa raguwa yake yi. Da suka kai takwas, kowa kusan rabin ƙarfinsa kawai yake bayarwa. Wani ya ja kafin wani, wani kuma ya laɓe cikin taro, tunda ba mai gane ko yana ja ko riƙewa kawai ya yi.

Yanzu mu dawo gida. Ku tambayi dattawan Likoro, ko na Hunƙuyi da sauran garuruwan ƙasar Kudan, yadda ake aikin gayya. Ba haka kawai jama'a ke ɗunguma gonar mutum ba. Mai gona zai kai goro a sanar, a sa rana, kuma akwai jagoran da kowa ke jin maganarsa. In an shiga gona, kowa da kunyarsa. Ka kama daga wannan baki sai ka fita wancan. Makaɗi na biye yana wasa gwanaye, wanda aka bari a baya kuwa duk gona na kallonsa. Ina wurin laɓewa a nan? Sannan gayya bashi ce. Wanda ya ƙi zuwa gonar wani, ranar tasa zai ga an dafa tuwo babu masu ci.

Kun ga maɗaurin kenan. Akwai mai kira, aikin kowa a fili yake, kuma yi mini in yi maka. Ko jinkar da muke ta ambato, a ƙasa ake haɗa ta, amma in za a ɗora ta kan ɗaki sai mutum ɗaya ya ba da murya kowa ya ɗaga lokaci guda. In kowa ya ɗaga sa'ad da ya ga dama, wani za ta danne.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Yankin nan namu na Kudan da Maƙarfi da Ikara noma ne arzikinsa: rake, masara, tumatir, attaruhu. Lokacin kakar tumatir kowa na ɗiba a tare, kwando ya faɗi warwas, kuma tumatir ba ya jiran kowa. Mai kwando goma ba zai iya ɗaukar mota shi kaɗai zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ba, dole ya sayar yadda dillali ya yanka. Amma in mutum ashirin suka haɗa kaya, maganar ta canja. Haka sayen taki a dunƙule, haka injin ban ruwa.

Kowa ya san wannan. Shi ya sa kullum ake buɗe ƙungiya. Sai dai ya ake ƙarewa? A buɗe guruf a WhatsApp, a zuba mutum ɗari biyu, a yi hoto, a raba muƙamai har da mataimakin mataimaki. Bayan wata uku ba wanda ya san wa ya biya kuɗin wata, wa bai biya ba. Daga nan zargi, daga zargi sai kowa ya kama gabansa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ku dubi iyayenmu mata da adashi. Ba su da lambar rijista, amma akwai uwar adashi, an san ranar zubi, an san mai kwasa. Shi ya sa yake daɗewa.

Don haka in za ku haɗa kai, ku fara da 'yan kaɗan da kuka san halinsu. A sami littafi, duk sisin da ya shiga ko ya fita a rubuta, a karanta a gaban kowa. Asusun banki kada ya zama da sa hannun mutum ɗaya. Kowa a ba shi kunyarsa da ranar gamawa. Hukuncin wanda ya saɓa kuwa, a yanke shi tun ana dariya, kafin kuɗi ya shigo.

Bature na da wata, cewa ƙarfin sarƙa bai wuce na zoben da ya fi rauni a jikinta ba. Mu kuma muka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To a duba bangon tun kafin damina.

A nan za mu dakata. Wanda ke da ƙungiya, ya tura wa 'yan ƙungiyarsa wannan, musamman ma'aji. Allah Ya haɗa kanmu, Ya sa albarka a nemanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.