Harshen da Muke Koyar da Zane da Shi



Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, amma duk mun san matsayinsa a jadawali. Shi ake turawa sai rana ta take, shi ake miƙa wa duk malamin da ba shi da aji a wannan sa'a. Sai a cika allo da Turanci, yara su kwafe ma'anar launi, su haddace, a tashi hannunsu bai taɓa komai ba. Fasahar ba ta samu ba, Turancin kuma bai zauna ba.

Alhali babu ajin da ya fi wannan dacewa da koyon harshen yau da kullum. Yaron da ke riƙe da yumɓu yana bukatar ya ce a ba shi ruwa, ya tambayi wane launi zai sa, ya faɗi abin da ya gina. Jimloli goma irin waɗannan, idan ana maimaita su kowane mako hannu yana aiki, sun fi shafi guda na ma'anoni zama a kai. A Amurka, inda yara da yawa ke tashi da Sifaniyanci a gida, malamai kan koyi 'yan kalmomin harshen don su isa ga ɗalibi kafin su ja shi zuwa Turanci. Mu Allah ya hutar da mu wannan wahala, tunda harshen yaran namu ne. Abin da ya rage shi ne mu daina jin kunyar fara darasi da shi.

Kuma Hausa ba ta da talaucin launi. Muna da ja, kore, shuɗi da shunayya, muna da ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka da ruwan ƙasa, kowanne da abin da yaro zai kalla ya gane shi. Wanda ya ga garin ɗorawa a tafin hannunsa, ya faɗi sunan launin da Hausa, sannan aka ba shi na Turanci ko na Faransanci, ya sami inda zai rataye sabuwar kalmar. Wani abin sha'awa ma, Sifaniyawa suna kiran shuni añil, auduga kuma algodón, dukansu aro daga Larabci. Ɗan ƙasar Funtuwa, inda auduga ta yi suna, zai ji daɗin sanin cewa kalmomi ma fatauci suke yi.

Za a ce babu kayan aiki. Gaskiya ne babu fenti, amma akwai gawayi, farar ƙasa, jar ƙasa, lalle, kaba da karan dawa da yaranmu ke ƙera motoci da shi ba tare da mun koya musu ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a hannun danginta ta koyi ginin tukwane kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954, daga nan aikinta ya kai ta Turai da Amurka.

Akwai dalili mafi nauyi. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disamban 2020, da rashin kwanciyar hankalin da ya addabi Faskari da Sabuwa, muna karɓar yaran da karatunsu ya yanke, wasu sun baro ƙauyukansu, ba sa buɗe baki a aji. Irin wannan yaro yakan zana gidansu kafin ya iya ba da labarinsa, kuma a kan zanen ne yake fara amsa tambaya.

Shawararmu ga reshe ita ce, kafin zango mai zuwa malamai su zauna su fitar da takarda guda mai ɗauke da launuka, kayan aiki da jimlolin aji, Hausa a dama, Turanci a hagu, a raba wa kowace makaranta a Mairuwa. Iyaye mata masu saƙar faifai da maza masu ɗinkin hula, muna roƙon ku zo ku gyara mana sunayen da muka manta.