ƘUDUJI A GONAR ALMAJIRI

Karatu: Afisawa 6:10-20 da Romawa 12:17-21

Gaisuwa ga 'yan'uwa na ƙasar Gwiwa inda nake hidima, da na Roni, da Kazaure, da 'Yankwashi, da Babura, har da masu jinmu daga hayin iyaka a ƙasar Nijar. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi ya biyo ni har ƙofar gida. Bai fi wata uku da yin baftisma ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba Fasto, wani abu yana damuna. Da na karɓi Yesu na ɗauka zan huta. Amma tun ranar da na fito daga ruwan nan, jaraba sai ƙaruwa take yi. Abin da dā nake aikatawa ban ji komai ba, yanzu shi ke hana ni barci. Ko dai tubana bai karɓu ba?"

Na ce masa, "Ɗana, tashi ka zauna. Tubanka ya karɓu. Sarkin yaƙi ba ya harbin wanda ke cikin rundunarsa. Ranar da ka sauya sarki, ran nan tsohon sarkinka ya fara nemanka."

Wannan amsa ita ce maganarmu ta yau. Duk wanda ya zama almajirin Yesu ya shiga yaƙi, yaƙin da ke tsakanin nagarta da mugunta. Shi kansa Ubangijinmu haka ya faro. Markus ya gaya mana a sura ta 1 cewa yana fitowa daga kogin Urdun, sai Ruhu ya kai shi jeji, ya yi kwana 40 Shaiɗan yana jarabtarsa. In haka ta faru ga Malam, almajiri kada ya yi mamaki. Yesu kuwa bai ɓoye wa kowa wannan ba. A Luka sura ta 14 ya ba da misalin sarki mai mayaƙa 10,000 wanda ya ji wani sarki na zuwa da 20,000. Sarkin nan yakan zauna ya yi lissafi tukuna. Haka Yesu yake so mai binsa ya san abin da ya shiga tun daga farko.

To, da wa muke yaƙin? A nan ne da yawanmu muke ɓata hanya. Manzo Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Afisa yana ɗaure da sarƙa a kurkuku. Da ya so nuna abokin gaba da yatsa, ga waɗanda suka ɗaure shi nan kusa. Amma a aya ta 12 ya bayyana sarai cewa kokawarmu da ikokin duhu ce, da mugayen ruhohi, ɗan Adam ba ya cikin lissafin. Ku kasa kunne da kyau, 'yan'uwana. Maƙwabcinka Musulmi ba abokin gabanka ba ne. Makiyayin da ke kora shanu ta bakin gonarka ba abokin gabanka ba ne. Haka ɗan'ubanka da kuke jayayya a kan gonar gado, haka facalarki da kuka kwana biyu ba ku gaisa ba. Dukansu mutane ne da Allah ya halitta, Almasihu kuma ya mutu dominsu kamar yadda ya mutu dominmu.

Bitrus ya taɓa yin wannan kuskure. Daren da aka zo kama Yesu, ya zare takobi ya sare kunnen wani bawan babban firist mai suna Malkus. A ganinsa yana yi wa Ubangijinsa yaƙi ne. Yesu ya umurce shi ya mai da takobin kube, ya taɓa kunnen mutumin ya warkar. A daren nan kuwa, kafin zakara ya yi cara, Bitrus mai takobi ya yi musun sanin Yesu har sau uku a bakin wuta, farkon mai tambayarsa ma wata baiwa ce. Ya kai sara waje, abokin gaba kuwa yana cikin ƙirjinsa, wato tsoro.

Bari in kawo muku misali daga gona, gama yawancinmu a nan manoma ne. Kun san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Duk mai noman gero da dawa a ƙasar Kazaure ya san shi. Masana aikin gona sun bincika halinsa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai kamar ƙura, tsiro ɗaya kuwa yana iya zubar da iri fiye da 50,000. Irin yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba, yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani ruwa da saiwar gero ko dawa ke fitarwa. Da ya tsiro, sai ya manne wa saiwar, ya riƙa tsotse ruwa da abincin shuka, duk a ƙarƙashin ƙasa. Yakan yi makonni yana wannan aiki ba a gan shi ba. Manomi dai sai ya ga dawarsa ta tsumbure, ganye ya yi rawaya, ya ce ko ruwa ne bai isa ba. Sa'ad da ƙuduji ya fito fili da furensa mai kyan gani, ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa.

Haka zunubi yake aiki a zuciyar almajiri. Manzo Yakubu ya kwatanta shi a sura ta 1 da ciki da haihuwa: sha'awa ke farawa, ta ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya kai ga mutuwa. Ba wanda ke tashi da safe ya ce yau zan bar Ubangiji. Da kaɗan kaɗan ake farawa. Mai awo a kasuwa ya ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Yaro ya kwana uku da zazzaɓi, uwa ta yi addu'a da safe a Zumuntar Mata, da dare kuma ta bi ta bayan gari wajen boka, maimakon ta kai shi asibiti. Saurayi ya tafi cin rani Kano ko Legas inda ba wanda ya san shi, ya ajiye sunan Yesu a tasha sai ya dawo. Dattijon ikkilisiya ya ranci kuɗin baiko da niyyar mayarwa da kaka, kaka uku ta wuce. Mutum yana nan yana zuwa majami'a, yana waƙa, amma addu'arsa ta tsumbure, farin cikinsa ya yi rawaya. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Iblis ba ya cin zuciya sai ya sami na ciki ya buɗe masa ƙofa.

Da waɗanne makamai za mu fita? Wanda ya taɓa ganin hawan Sallah a Kazaure ya ga mahaya da sulke da kwalkwali, dawakai saye da lifidi. Irin wannan shiri Bulus ya zana mana, amma dubi abin da ya sa a madadin kowanne. Ɗamarar ita ce gaskiya, sulken adalci, takalmin shirin kai bisharar salama, garkuwar bangaskiya, kwalkwalin ceto, takobin kuwa Maganar Allah, sa'an nan ya ɗaure su duka da addu'a. A cikinsu babu ko ɗaya da ke fid da jinin mutum. A Romawa sura ta 12 ya ƙara bayani: ramuwa ta Allah ce, maƙiyi mai jin yunwa abinci za a ba shi, mugunta kuma da nagarta ake kayar da ita.

Da irin waɗannan makamai bishara ta iso ƙasarmu. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo Maganar Allah cikin ƙasar nan: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, ciwo ya kashe su. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake korarsa. Sai a 1902 mishan ɗinsu na SIM ya sami wurin zama a Pategi. A idon duniya wannan faɗuwa ce a kan faɗuwa. Amma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A 1937 ma'aikatan SIM suka karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, suna wanke miyakun da dangi ke gudu. A 1943 aka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau Musulmi da Kirista ke zuwa. A nan kusa da mu, a Roni, an kafa tashar mishan da makarantar yara maza. A 1954 kuma ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta. Littafi, da magani, da allon makaranta, da haƙuri, su ne kayan yaƙin da muka gada.

Kada wani ya ce wannan sai mutanen dā. Na ga irinsa da idona a wata ikkilisiyar ƙauye da na yi hidima ina sabon fasto. Wani dattijonmu yana da gonar wake da ta yi kyau, saura kwanaki a roro. Wata rana da dare shanu suka shiga suka cinye fiye da rabi. Gari na wayewa samarinmu suka taru da sanduna da adduna, an bi sawu an gane rugar. Zan faɗa muku gaskiya don kunyata Shaiɗan: ni ma ina tsaye a cikinsu, zuciyata na tafasa, ban buɗe baki na hana ba. Ni da na yi shekaru a makarantar tauhidi.

Sai ga mai gonar ya iso yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin hanya ya ce, "'Ya'yana, waken nawa ne ko naku?" Suka ce, "Naka ne, Baba." Ya ce, "To, ku ajiye. Shanu sun ci wakena, ba zan bari Iblis ya ci 'ya'yana ba." Ya juyo wajena ya ce, "Fasto, yi mana addu'a, sa'an nan ka raka ni wurin dagaci." Kunya ta rufe ni.

Ku lura, dattijon nan bai yar da hakkinsa ba. Ya kai ƙara inda ya kamata. Dagaci ya kira ardo, aka je aka duba gonar, aka yanka diyya. Da makiyayin ya kawo kuɗin, ya bayyana cewa ƙaramin yaronsa ne barci ya kwashe. Baba ya karɓi rabi, ya mayar masa da rabi, ya sa aka kawo masa ruwa da tuwo. Da rani ya yi, mutumin nan ya kawo garkensa ya zaunar a gonar Baba har wata biyu, bai nemi ko ƙwayar hatsi ba. Manoma kun san abin da wannan ke nufi. Ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, taki kuwa yana ba shuka ƙarfin tsere masa. Gonar da ta saba ba da kunya ta cika rumbu a shekarar nan. Ba kowane alheri ne ake ganin ladansa da wuri haka ba, wani sai a gaban Ubangiji. Amma ko da ba a kawo taki ba, Baba ya riga ya ci yaƙinsa tun da safen nan a bakin hanya.

To, me za mu yi a wannan mako? Mu koya daga manomi mai hikima. Na ɗaya, yakan tuge ƙuduji tun bai yi fure ba, ya kwashe ya ƙone. Zunubin da ka sani, furta shi yau ga Allah, ka mayar da abin da ba naka ba, ka je ka gaida wanda kuke gaba. Na biyu, yakan sa taki. Ciyar da ranka da Maganar Allah da addu'a kowace safiya, wanda bai iya karatu ba ya sa yaro ya karanta masa. Na uku, yakan sauya shuka, ya sa gyaɗa ko waken soya inda dawa ta sha wahala. In wata rumfa ko wani aboki ke tsiro maka da tsohon hali, sauya wurin zama. Na huɗu, ba ya yin aikin shi kaɗai, gama iska da ruwa da kofaton dabba suna kai irin daga gona zuwa gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ka ƙaurace wa taron masu bi, kuma ka sami wani amintacce wanda zai iya tambayarka gaskiyar zamanka.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka gaji, ga ta'aziyya. Sarkin da muke bi ya riga ya yi nasara a kan gicciye, ya tashi daga matattu. Bitrus da ya faɗi, Yesu ya neme shi a bakin teku ya mai da shi bakin aiki. Saurayin nan da na ba ku labari yana nan cikin bangaskiya, shi ke koyar da ajin masu shirin baftisma, yakan kuwa gaya musu tun ranar farko abin da ke jiransu.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode da ka kira mu cikin rundunar Ɗanka. Ka buɗe idanunmu mu gane abokin gaba na gaske. Ka tone abin da ke tsotsar ranmu a ɓoye, ka ba mu ƙarfin hali mu tuge shi. Ka tsare hannuwanmu daga ramuwa, ka cika su da alheri ga maƙwabtanmu duka. Ka ba ƙasar Gwiwa da Jihar Jigawa da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.