Aksolotil da Zafin Bazara: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama, a gaban malaman da suka koya mana riƙon alƙalami. An nemi in yi magana a kan wani abu na kimiyya da ya shafi gidajenmu, sai na zaɓi wata ƙaramar dabbar ruwa da ake kira aksolotil. Dalili kuwa, yaranmu suna ganinta a waya da cikin wasan Minecraft, wanda ya saka ta a shekarar 2021, kuma wasunsu sun fara matsa wa iyaye lamba a sayo musu. To, kafin wani ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya san cewa ran wannan dabba yana rataye ne a kan abu guda, wato sanyin ruwan da take ciki.

Da farko bari mu san ta. Aksolotil 'yar'uwar kwaɗi ce, ko da yake a ido ta fi kama da ƙadangare. Tsawonta yakan kai santimita 20 zuwa 30, tana da ƙafafu huɗu da faffaɗar wutsiya, sa'annan a kowane gefe na kanta akwai geza uku masu kama da gashin tsuntsu, waɗanda da su take numfashi a cikin ruwa. Malamanmu na kimiyya sun koya mana cewa talibambam yakan girma ya zama kwaɗo ya fita tudu. Ita wannan ba ta yin haka. Takan balaga har ta hayayyafa tana nan da siffar ƙuruciyarta, cikin ruwa, iyakar rayuwarta, wadda takan kai shekara 10 zuwa 15 in ta sami kulawa. Abin da ya sa masana suke ji da ita shi ne, in ƙafarta ta guntule sai wata ta tsiro, haka ma wani sashe na zuciya ko lakar gadon baya. Tun a shekarar 1864 aka kai guda 34 birnin Faris, inda masani Auguste Duméril ya yi nazarinsu, kuma tun daga lokacin ba a daina kiwonsu a ɗakunan bincike ba.

Asalinta daga tafkuna biyu ne a kwarin birnin Meksiko, wato Socimilko da Calko. An janye ruwan Calko, yanzu sauran magudanan Socimilko kaɗai. Wurin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,200, saboda haka ruwansa mai sanyi ne, da wuya ya wuce digiri 20. Ƙidayar masanan Jami'ar Ƙasa ta Meksiko ta nuna cewa a 1998 akwai kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita, a 2008 suka koma 100, a 2014 kuwa ba su kai 40 ba. Gurɓatar ruwa na cikin dalilai, haka kuma baƙin kifaye da aka zuba a tafkin, ciki har da karfasa tamu ta Afirka, wadda ke cinye ƙwai da 'ya'yanta. A 2021 Meksiko ta sa hotonta a takardar kuɗinta ta feso 50. Waɗanda ake sayarwa a kasuwa duk haihuwar gida ne, don haka kada wani ya ɗauka sayen da zai yi taimako ne ga na cikin tafki.

Yanzu sai maganar zafi. Mu 'yan Adam jikinmu yana tsayar da zafinsa a kusan digiri 37, ko ana sanyi ko ana zafi. Aksolotil ba ta da wannan baiwa, zafin jikinta shi ne zafin ruwanta. Ta fi walwala tsakanin digiri 16 da 18. Daga 20 zuwa sama ta fara takura, in kuwa ruwa ya zauna a sama da 24 na wasu kwanaki, to ana bakin rasa ta. Abubuwa uku ne suke haɗuwa a kanta. Na farko, zafi yana hanzarta aikin jikinta, sai buƙatarta ta iskar oksijin ta ƙaru. Na biyu, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar sosai: lita ɗaya a digiri 15 tana ɗauke da kimanin miligiram 10, amma a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Wato buƙata ta hau, abin biyanta ya sauka. Na uku, amoniya da ke fita daga kashinta ta fi guba a ruwan ɗumi, ga ƙwayoyin cuta da funfuna suna yaɗuwa da sauri. Alamun da mai kiwo zai gani su ne ƙin cin abinci, da gezar nan ta lanƙwasa gaba, da yawan tasowa saman ruwa, da wani farin abu kamar auduga a jiki.

Jama'a, mu kwatanta wannan da garuruwanmu. A Kano, cikin watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40, kuma ruwan da aka ajiye a ɗaki yakan zauna a wajen 30 ko fiye. Ke nan mai kiwo yana bin bashin digiri 12 zuwa 14, dare da rana, har bazara ta wuce. Bari mu duba hanyoyin da ake bi, mu ga kowace nawa take biya.

Hanya ta farko ita ce toshe ƙofofin da zafi ke shigowa, kuma ba ta cin ko kwabo. A ajiye akwatin gilashin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma, kuma kusa da ƙasa, domin iska mai zafi sama take tashi. A kashe fitilar akwatin, da ma dabbar ba ta son haske, ko fatar ido ba ta da ita. A cire murfin gilashi a sa na raga, yadda zafi zai fita ita kuma ba za ta yi tsalle ta faɗo ba. A liƙa farin soso irin wanda ake kare kayan lantarki da shi a baya da gefuna. Akwati babba, mai lita 100 ko fiye, ya fi ƙarami jinkirin ɗaukar zafi. Sai a sa ma'aunin zafi a ciki, a riƙa dubawa safe da la'asar, domin hannu ba ya bambanta digiri 19 da 23.

Hanya ta biyu ita ce fanka. In aka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, wani sashe na ruwan zai bi iska, ya tafi da zafi. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu, shi ne sirrin randa da tulu, kuma a kansa ne marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A akwatin gilashi fanka takan rage digiri 2 zuwa 4. Sai dai tana da iyaka. Tana aiki ne in iska a bushe take, kamar lokacin hunturu da farkon bazara. Da zarar damina ta kawo kai, iska ta cika da laima, amfaninta ya ragu ƙwarai. Kuma dole a riƙa cika ruwan da ya tafi, da ruwan da aka kawar wa kulorin, domin kulorin yana ƙona gezar numfashinta.

Hanya ta uku ita ce ƙanƙara. Ana daskarar da ruwa a gorar roba, a rufe, a jefa a ciki. A nan zan roƙi malamanmu na lissafi su bi ni a hankali. Kilo ɗaya na ƙanƙara, in ya narke har ya kai digiri 18, zafin da ya sha bai wuce abin da zai sauke lita 100 da digiri ɗaya ba. Gora ɗaya, digiri ɗaya. Don sauke ruwa daga 30 zuwa 18 ana buƙatar gora 12, alhali zafin ɗaki yana ci gaba da shiga ta gilashi. Daɗin daɗawa, in ƙanƙara ta ƙare ruwan ya sake hawa, kuma wannan hawa da sauka shi kansa wahala ne ga dabbar. Saboda haka ƙanƙara ta gaggawa ce, ta yini ɗaya ko biyu, kuma ko a nan a riƙa sauke zafin sannu a hankali.

Hanya ta huɗu ita ce injin sanyaya ruwa, wanda ke aiki kamar firji: famfo ya tura masa ruwa, ya sanyaya, ya mayar, yana tsayar da shi a kan digirin da aka saita. Wannan kaɗai ne zai iya biyan bashin nan na digiri 12, musamman in ɗakin yana da na'urar sanyaya iska. Amma kuɗinsa ya ninka na dabbar, yana fitar da zafi cikin ɗaki, kuma sai da wutar lantarki marar yankewa. In an ɗauke wuta yini guda a watan Afrilu, ruwan zai kama hanyar komawa inda ya fito. Wanda zai yi wannan kiwo a ƙasarmu sai ya tanadi sola da batir ko janareta, da wanda zai kula in ya yi tafiya, kuma ya lissafa haka na shekara goma, ba na bazara ɗaya ba.

'Yan'uwa, da yawanmu ma'aikata ne, mun san yadda ake sayo injin a kai wuri ba tare da an yi kasafin mai da gyara ba, bayan shekara biyu a same shi yana tsatsa. Injin ana iya gyara shi. Dabbar da ta mutu da zafi a gaban yaron da aka sayo wa ita ba ta dawowa, kuma abin da yaron zai koya shi ne rai abin wasa ne. Shawarata ita ce, a fara sayen akwati da ma'aunin zafi, a zuba ruwa zalla, a gwada tsayar da shi ƙasa da digiri 20 tun daga Maris har ƙarshen Mayu, ana rubutawa kullum. Yaron ma a ba shi littafin ya riƙa rubutawa, ya sami darasin kimiyya a gida. In an ci wannan jarrabawa, sai a kawo dabba. In an faɗi, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai kifayen ado na ƙasashe masu zafi da ke jin daɗin ruwa mai digiri 24 zuwa 28, waɗanda za su faranta wa yaro rai ba tare da an azabtar da su ba.